Darar Kalmomin Sabuwar Tunga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban taro. Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa. Hakimanmu na Ngaski da Shanga tare da dagatansu. Malaman boko da malaman zaure. Malaman yaƙi da jahilci, waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai rana irin ta yau. 'Yan kasuwar Yelwa da suka rufe rumfunansu suka zo. Masunta da manoman albasa da suka ƙetaro ruwa tun da hantsi. Iyayenmu mata da ke zaune can gefen inuwa: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana shekara goma da samun mulkin kai muna tsaye da ƙafafunmu, ya kuma kashe mana wutar yaƙi. Ina godiya ga Ƙungiyar Masu Son Karatu ta Yelwa da ta shirya wannan gasa, da 'yan kasuwar da suka haɗa hannu suka sayi keken nan da kuke gani a jingine yana ƙyalli, wanda na lura tun ɗazu ya fi ni samun masu kallo. Ina kuma godiya da aka ɗora mini alƙalanci. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Shu'aibu, tsohon hedimasta, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan jar tawada a kan aikin yaran mutane. An ce in yi hukunci ne, ina jin, don an san ba ni da sauran abokin da zan rasa.

Kafin in shiga magana, bari in bayyana abin da muka yi alƙalanci a kansa, don akwai waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Wasa ne da ake zana gidaje a kan allo ko takarda, layi-layi, wasu farare wasu an toshe su da baƙi. A gefe sai a jera tambayoyi. In ka san amsa, sai ka rubuta ta a cikin fararen gidajen, kowane gida harafi ɗaya, wata amsar a kwance, wata a tsaye, inda suka gitta kuwa harafi ɗaya ne yake yi musu aiki su biyu. Mu a nan muna ce masa darar kalmomi. Sharaɗin gasar shi ne kowace dara ta tsaya a kan jigo guda, kuma ta dace da ɗaliban ajin manya.

Mu biyu aka ba aikin, ni da Malam Zaidu, mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci, ga shi nan zaune a damata yana haɗe rai kamar yadda ya saba. Mun tace, mun tankaɗe, har saura biyu. Ɗaya ta Malam Maikuɗi ce, akawu a nan Yelwa, jigonta madatsar ruwan Kainji. Ɗayar ta Malam Yusha'u ce, malamin ajin manya na Sabuwar Tunga, jigonta kogi da kayan kamun kifi.

Darar Malam Maikuɗi, wallahi aiki ce. Gidajenta sun saƙu, babu kusurwar da ke lilo, kuma duk wanda ya gama ta ya san sunan kowane inji da ke cikin madatsar nan. Ni kaina sai da na cire hula na sosa ƙeya. Darar Malam Yusha'u kuwa, Malam Zaidu ya gama ta kafin ya gama tauna ɓarin goro. Ya ajiye ta ya ce mini, "Malam Shu'aibu, wannan ai ba dara ba ce, gaisuwa ce. Wa zai tambayi masunci abin da ake tuƙa jirgi da shi?" Na ce masa gaskiya ne, tana da sauƙi, amma ni ba na yanke wa miya hukunci a cikin tukunya, sai na ga yadda ta yi da tuwo. Muka shirya a zana kowace a kan babban allo, a kai ta gaban ɗalibai, mu koma gefe mu zuba ido. Ta Malam Maikuɗi ta yi wa ɗalibai wuya, ta Malam Yusha'u kuwa Sabuwar Tunga aka kai ta.

A nan dole in ba ku labarin Sabuwar Tunga, don idan ba ku san ta ba, ba za ku gane hukuncina ba.

Kafin ruwan madatsar nan ya hau, akwai tsibirai biyu da ke kallon juna, Gungun Kanya da Gungun Ɗorawa. Mai garin Kanya shi ne Tamada, mai garin Ɗorawa shi ne Hammadu, kuma taubasai ne, domin mahaifiyar Tamada, Inna Dudu, ƙanwar mahaifin Hammadu ce. A Ɗorawa aka haife ta, a Kanya aka kai ta aure. Muddin kogi na tsakaninsu, wasan taubasantaka daɗi ne da shi: a haɗu a tsakiyar ruwa, a yi wa juna ba'a, kowa ya juya jirginsa ya koma gida yana dariya. Da tafki ya cika aka kwaso su aka zube a gari ɗaya, gidaje iri ɗaya, bango na jingine da bango, kwata kuma guda ɗaya tal inda kowa zai ɗaure jirginsa. Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba'ar da a da ruwa ke wankewa, yanzu sai ta kwana a zuciya. Aka fara da wa zai ɗaure jirgi kusa da tudu, aka ƙare da ba a zama tabarma ɗaya.

Wanda abin ya faɗa wa a ka shi ne Malam Yusha'u. In mutanen Kanya suka zo aji, na Ɗorawa ba sa zuwa. In na Ɗorawa suka riga, na Kanya su wuce kamar ba su ga ƙofa ba. Daga baya kowane ɓangare ya riƙa tsoron kada ya zo ya tarar da ɗayan, sai duka suka daina. Malam Zaidu, bisa aikinsa, ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: idan ya dawo zagayensa na gaba bai ga shaidar ana rubutu a garin ba, zai rufe ajin, na maza da na mata, a kwashe allo da benci a kai inda ake so. Ban ga laifin Malam Zaidu ba, akwai garuruwan da ke roƙon malami ba su samu ba. Amma ku sani, ranar da muka kai allon nan Sabuwar Tunga, ba keke kaɗai ke gaban Malam Yusha'u ba, ajinsa ne gaba ɗaya yake reto.

Aka jingine allon a gindin bishiyar da ke bakin kwata, inda kowa dole ya bi. Malam Yusha'u ya karanta tambayoyin da ƙarfi, ya yi bayani, ya ajiye alli. Jama'a suka taru, Kanya a dama, Ɗorawa a hagu. Sai Tamada ya dubi allon, ya dubi gidajen, ya ce, "To, mun gane. Mu munka ɗauki kwance." Hammadu ya ce, "Ku kwanta ɗin, dama kun saba. Mu muna tsaye." Malam Yusha'u ya shiga rantse-rantse cewa ba wasan ɓangare biyu ba ne, kowa na iya cike ko'ina. Tamada ya ce masa, "Malam, kai ka san boko, mu mun san dara. Abu mai gidaje da hanya biyu, yaushe za a ce babu abokin karawa?" Nan take, ba da shawarar kowa ba, suka kafa doka tasu: mutum ɗaya kalma ɗaya, kada wani gwani ya cinye wa garinsu wasa shi kaɗai.

Sai kuma aka tsaya cik. Wani daga Ɗorawa ya ɗauki alli zai rubuta, Hammadu ya riƙe masa hannu ya ce, "Dakata. In ka rubuta wagga, ka ba su harafi ukku kyauta." Mutanen Kanya suka duba, suka ga su ma haka ne, duk kalmar da suka shimfiɗa sai ta tallafi ta tsaye. Kowa ya naɗe hannu.

Jama'a, na ga abubuwa a aikin malanta, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Gari guda ya san amsa, babu mai rubutawa. Mata na daka suna faɗin amsoshin, masu gyaran taru suna faɗa, har masu zuwa sayen kifi daga Warra sun haddace su. Allo kuwa yana nan wayam. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta sake ci, alli na nan inda aka ajiye shi. Malam Yusha'u ya rame. Na same shi a bakin ruwa ya ce mini, "Baba, da na sani da na yi mai wuya, ko ba komai a ce wuya ce ta hana su." Na ji tausayinsa ƙwarai.

Wadda ta warware mana ita ce Inna Dudu, wadda ke suyar kifi kusa da bishiyar nan, kuma tana cikin tsofaffin da suka fara zuwa ajin mata. Wata la'asar, mutane sun taru suna kallon allo kamar yadda suka saba, ta tsame kifinta, ta goge hannu a zane, ta ratsa tsakiyarsu. Ta ce, "Mi kuka jira? Sai an zo an ɗauke muna allo? Na tsuhwa kahin in riƙa alli, ba ni bari ku biyu ku amshe min shi don kwata." Ta ɗauki allin ta nufi gida na farko, can kusurwar sama. A gidan nan kalma biyu suka tashi: a kwance taru, a tsaye tarwaɗa. Ta zana harafin farko, babba, a karkace, ta ajiye alli ta koma wurin kaskonta.

Nan take gardama ta tashi. Kanya suka ce uwarsu ce, a gidansu ta tsufa, harafin nasu ne. Ɗorawa suka ce ɗiyarsu ce, a gidansu aka yanke mata cibi, harafin nasu ne. Kuma babu yadda za ka nuna harafi naka ne sai ka ƙarasa kalmarka a kansa. Kafin a kira magariba, taru ya kwanta, tarwaɗa ta miƙe.

Daga nan abin ya juye. Tun da ba a iya hana abokin karawa harafi, sai aka mai da bayarwar abin gori. Mutumin Kanya ya rubuta filafili, wato abin tuƙa jirgi, ya juyo ya ce, "Ga sadaka nan, Ɗorawa, ku ci albarkacinmu." Na Ɗorawa ya rubuta ƙugiya ya ce, "Mun biya ku har da gyara." Dariyar da aka rabu da ita tun kan tsibiri ta dawo bakin kwata. Sai dokarsu ta kama su: mutum ɗaya kalma ɗaya, masu iya rubutu kuwa ba su da yawa, nan da nan kowane ɓangare ya ƙarar da nasa. Ga amsa a baki, babu hannun da zai sa ta a allo. Ina za a je? Sai wurin Malam Yusha'u. Magidanta masu furfura suka riƙa zuwa aji suna cewa, "Malam, koya min kurungu kawai, ita ɗai nika so." Ya ce ba a koyon sunan kifin nan kurungu sai an bi ta kan baƙaƙen da ke cikinta. Suka zauna. Benci bai isa ba aka shimfiɗa tabarma, tabarmar kuwa ba ta san Kanya ba, ba ta san Ɗorawa ba.

To, yanzu ga hukuncina, kuma zan bi shi daki-daki.

Na farko, sauƙi. Masu cewa sauƙi aibi ne, ina tambayarsu: sauƙi ga wa? Mutumin da ya shekara arba'in yana jan taru, bai taɓa riƙe alli ba, kaya biyu ne a gabansa in ka ba shi dara mai wuya, neman amsa da rubuta ta. Malam Yusha'u ya sauke masa ɗaya, ya bar shi da ɗaya. Amsar tana cikin kansa tun yana goye, abin da ya rage ya koya wa hannunsa. Da tambayoyin nan sun yi wuya, da kowa ya samu mafaka ya ce bai sani ba, ya tafi abinsa ba kunya. Da yake kowa ya sani, babu inda za a ɓuya, allon ya zauna yana kallonsu suna kallonsa har abin ya dame su. Jirgin fito ba a yabonsa don ya gagari mutane shiga, ana yabonsa ne don yawan waɗanda ya ƙetarar.

Na biyu, jigo. Dara mai jigo tana bukatar kalmominta su zama 'yan gida ɗaya, ta yadda in ka samu ɗaya za ta kira maka 'yar'uwarta. Wannan ta yi haka: taru ya kira ragar nan koma, koma ta kira gora, gora ta kira ƙugiya. Kuma tambayoyinta ba su da ƙeta. Da ya ce kifi mai gashin baki marar ɓawo, tarwaɗa yake nufi, bai ɓoye wani abu a bayanta ba. Ina son mai tambaya da ke son a amsa masa.

Amma ba zan tsaya a nan in yi ta shafa mata mai ba, tana da aibi, kuma zan faɗa a gabansa. Kusurwarta ta ƙasa a hagu da harafi ɗaya tak take riƙe da sauran, in aka yi kuskure a nan, ɓangaren ya yanke ya tafi da ruwa. Tambayoyi biyu sun yi kama da juna har ana ruɗewa. Sannan, Malam Yusha'u, me keke yake yi a cikin kogi? Dara tun daga sama har ƙasa kifi da jirgi, sai ga keke tsulum a tsakiya. Da na tambaye shi ya ce wurin ne ya ƙi cika. Ni dai ina zargin labarin kyautar ne ya riga ya kai Sabuwar Tunga. A duk waɗannan, darar Malam Maikuɗi ta fi ta tsabta, kuma muna roƙon a buga ta a rarraba wa waɗanda suka yi nisa a karatu, domin su ma suna da haƙƙi a kanmu.

Na uku, kuma shi ne ya yanke mana gardama ni da abokin aikina, shi ne gittawa. Darajar wannan wasa tana wurin da kalma ta ratsa kalma, inda abin da na rubuta ya zama tsani gare ka ko ina so ko ba na so. Mutanen Sabuwar Tunga sun yi kuskuren ɗaukarsa wasan hamayya, kuma kuskuren nan ne ya sa suka gane gittawa fiye da mu da muka iya shi.

Ranar da Malam Zaidu ya koma zagayensa, na bi shi. Muka tarar allo ya cika, saura gida ɗaya. A kwance koma ce ta Kanya, a tsaye gora ce ta Ɗorawa, dukansu suna jiran harafi ɗaya, wannan mai zagaye kamar bakin tulu. Saura mutum ɗaya ɗaya da bai yi rubutu ba a kowane ɓangare, wato masu garin da kansu, don sun bar wa kansu na ƙarshe. Duk wanda ya cike gidan, ya ƙarasa tasa, ya kuma ƙarasa ta taubashinsa a lokaci guda, babu wanda ya ci. Suka tsaya suna harare-harare. Malam Zaidu, kun san shi, ya ce shi darar da ba a gama ba bai san ta ba, kuma jirginsa na jira. Aka juya wurin Inna Dudu. Ko ɗagowa ba ta yi daga kaskonta ba, ta ce, "Ni na buɗe. Ruhewa taku ta."

Na dubi Malam Yusha'u, na ga leɓensa na motsi, addu'a yake yi.

Sai Tamada ya ɗauki alli. Ya daɗe a gaban allon, domin bai fi 'yan makonni da fara koyo ba. Ya ja rabin zagaye, ya tsaya. Ya miƙa wa Hammadu allin ya ce, "Amshi, taubashi. Ƙarasa, kada gobe ka ce na ci ka da ƙarhi." Hammadu ya karɓa ya ce, "Dama na san ba ka iya gamawa." Ya ja nasa rabin.

Malam Zaidu ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya duba harafin nan ya sake dubawa. Sannan ya juya ya ce wa Malam Yusha'u, "Bencinka ba su isa ba. Zan aiko da ƙari."

Ba zan ce muku rigimar kwata ta mutu ba, ba a aiko ni in yi ƙarya ba. Har yau ana ja-in-ja a kan wurin ɗaure jirgi. Amma a aji ɗaya ake zama, kuma ga su can su biyun a sahu na uku, kafaɗa da kafaɗa, tun da na fara magana suke musu a kan rabin wa ya fi kyau. Na sa an ɗauko allon ba a goge ba, ga shi a jingine kusa da keken. In an tashi, kowa ya je ya duba gidan nan. Rabi ya fi rabi girma, gefe ɗaya ya lotsa, bakinsa da ƙyar ya haɗu. A duk shekarun da na yi ina duba rubutu ban taɓa ganin harafi mai muni kamarsa ba, kuma ban taɓa jin daɗin ba wa harafi maki kamarsa ba.

Saboda haka, da yawuna da na Malam Zaidu, darar da ta zo ta ɗaya ita ce ta Malam Yusha'u na Sabuwar Tunga. Malam, taso ka karɓi kekenka, ka kuma fitar mana da shi daga cikin kogi.

Allah ya sa albarka a karatunmu, na yaro da na babba. Allah ya ƙara wa Inna Dudu lafiya da nisan kwana, ya bar mata allinta a hannu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ja zamanin Sarki, ya ba shugabanninmu ikon adalci. Allah ya sa tafkin nan ya zame mana alheri, ya cika tarunmu, ya raya albasarmu, ya tsare jiragenmu daga iska. Waɗanda suka zo ta tudu da waɗanda suka zo ta ruwa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.